Shekarun lodin asuba ba su tafi a banza ba, amma kar ka ajiye aikin yanzu

Tambaya:

Assalamu alaikum babban yaya, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Maradi ne ina zaune Greensboro a jihar Carolina ta Arewa, shekarata 39, da matata da yara ukku. Na shigo Amurka 2019 ta hanyar lotaren biza, girin kad (katin izinin zama na dindindin) gare ni ban kai ga karɓar fasfo ba tukuna. Tun watan Oktoban 2021 nike aikin lodi a kamfanin kai kaya na UPS, fat-taim, shif ɗin asuba, in na tashi in ɗauki motata in yi Uber har bayan la'asar. Yanzu an liƙa takardar masu son zama direba ful-taim na sa sunana amma akwai mutane gabana, ban san ran da layi zai iso kaina ba. To wani abokin aiki da ya daɗe nan ya ce mani shekarun fat-taim duk banza ne wajen fansho, ran da ka hau mota daga sifiri za ka soma. Ga kuma wani ɗan garinmu da ke tuƙi a wani ƙaramin kamfani mai kai ma Amazon kaya, ya ce in zo ko gobe a ba ni mota awa 40 a sati. Na duba awoyina: 2021 wajen 230, 2022 da 2024 da 2025 duk na haura 900, sai 2023 da na tafi gida wata ukku rasuwar mahaifina na samu 640. Wallahi na gaji da aiki biyu, kuma burina in na kai 60 in koma gida. Mi ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan baba ya kyauta namu zuwan. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin ɗan garinku ya sake bugo maka waya: kar ka ajiye aikin nan. Ba wannan shekarar ba dai. Maganar abokin aikinka rabinta gaskiya ne rabinta kuma in ka bi ta za ta sa ka yi asarar da ba ta dawowa, kuma abin haushin shi ne rabin da ba daidai ba shi ya fi shiga kunne saboda ya zo maka a lokacin da ka gaji.

Fanshon nan lissafi biyu ake yi maka a cikinsa kuma mutane suna cakuɗa su. Na farko shi ne kiredit, wato shekarun da za a ninka da kuɗi a ce ga abin da za ka rinƙa karɓa duk wata. Na biyu shi ne abin da suke kira bestin, lokacin da haƙƙinka ya kafu ta yadda ko ka bar kamfanin ko an sallame ka ba mai taɓa shi. Mutum zai iya tara kiredit ɗin shekara huɗu cur amma in ya fita kafin haƙƙin ya kafu bai da ko sisi. 'Yan uwanmu na Najeriya da suka saba da tsarin da aka kawo a 2004, inda kowa yake da asusunsa kuɗin na binsa duk inda ya koma aiki, su wannan ya fi ruɗawa, don nan ba asusu bane da sunanka a kai, alƙawari ne, kuma alƙawarin yana da sharaɗi.

Mu ɗauki kiredit tukuna tunda ka kawo awoyinka, kuma ka kyauta da ka kawo su, yawancin masu rubuto min cewa kawai suke "na kusa shekara biyar". A yarjejeniyar da ke tsakanin UPS da yuniyon ɗin Teamsters, ɗan fat-taim da ke cikin tsarin fanshon kamfanin yana samun shekara guda cikakkiya in ya yi awa 750 ko fiye a cikin shekarar kalanda, daga Janairu zuwa Disamba. In ya samu tsakanin 501 da 749 wata tara ake rubuta masa, tsakanin 375 da 500 wata shida, ƙasa da haka babu komai. To lissafa da kanka. 2021 awa 230, sifiri. 2022 shekara ɗaya. 2023 da ka je gida wata tara. 2024 da 2025 shekara biyu. Jimla shekara uku da wata tara. Kai a ranka kana jin ka doshi biyar saboda jikinka ne ya ɗauki kwalayen, takarda kuma ba ta san gajiya ba. Kuɗin fa? Tun 2008 dala 60 ake lissafawa a wata kan kowace shekarar kiredit, kwantiragin baya-bayan nan ya ɗan ɗaga shi, amma mu tsaya a 60 ɗin don sauƙi: dala 225 kenan duk wata in ka kai shekarun karɓa, har ƙarshen rai. Na san za ka ce wannan ai kuɗin mai ne. A Greensboro haka ne. A Maradi kuwa, ga dattijo mai gidan kansa, ka juya shi zuwa sefa ka gaya min ko abin yarwa ne.

Yanzu bestin, nan ne zancen yake. Akwai dokar tarayya ta 1974 da ake kira ERISA, ita ke tsare fanshon kamfanoni masu zaman kansu. A irin wannan tsarin shekara biyar ne ake kafa haƙƙi, kuma dokar ta hana a nemi fiye da awa 1,000 a shekara kafin a ƙirga maka ita, tsari yana iya sassautawa ya nemi ƙasa da haka, naku ma ya sassauta, ai ɗan fat-taim da ake ba garantin awa uku da rabi a rana ko bai yi fashi ba duk shekara wajen 910 zai samu. Ko ta yaya aka lissafa maka, 2021 ba ta shiga, saboda haka ko an ƙirga 2023 huɗu gare ka, in ba a ƙirga ba uku. Ba ka kai ba ƙanena. Kana bakin ƙofa. In ka miƙa takardar ajiye aiki yau ka tafi, duk asubar nan da ka tashi tun 2021 ta tafi kenan, sai dai in ka dawo kafin a yi shekara biyar a jere ba ka nan, kuma wa ya ba ka tabbacin za a sake ɗaukarka. Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma ni zan faɗa tunda ka binne mahaifi ka san mutuwa ba ta jiran ritaya. In haƙƙinka ya kafu Allah ya yi maka rasuwa kafin ka fara karɓa, doka ta ce matarka tana da rabonta a ciki. In bai kafu ba babu abin da za a ba ta daga nan.

Ga kuma abin da abokin naka bai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Dokar nan shekarun da ka yi wa kamfani take kallo wajen bestin, ba irin aikin da kake yi a ciki ba. Wato in ka tashi daga lodi ka hau mota a cikin kamfanin nan dai, agogon bai tsaya ba, yana ci gaba da tafiya har ka cika biyar ɗin kana direba. Fita waje ce ke kashe shi.

To ina gaskiyar abokinka take? A yankinku rumbu biyu ne a gida ɗaya, na 'yan fat-taim daban na 'yan ful-taim daban. Asalin abin, direbobin yankin tsakiya da kudu da Carolina biyun nan a da suna cikin wani babban asusu ne mai suna Central States, a ƙarshen 2007 UPS ta biya dala biliyan 6.1 ta fice, daga Janairun 2008 aka buɗe musu sabon tsari na haɗin gwiwar kamfani da yuniyon. Ran da ka zama direba a wannan za a fara zuba maka, kuma eh, kiredit ɗinsa daga sifiri yake farawa, lissafinsa ma daban ne, kowane awa 150 wata guda, sai ka kai 1,801 a ba ka shekara cikakkiya. Amma hatsin da ke rumbun farko ba a kwashe shi aka zubar ba, yana nan a rufe sai ranar buɗewa, yawanci shekara 65, in ka nemi a buɗe da wuri a rage maka. Shi ya sa za ka ga tsofaffin direbobi suna karɓar cek biyu, ƙarami da babba. Kuma don Allah ka daina ɗaukar shawarar fansho a gurup ɗin WhatsApp inda wani yake Seattle wani yake Bronx wani Columbus, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai, kuma duk gaskiya suke faɗa. A jihohin yamma asusun Western Conference ne, fat-taim da ful-taim duk tukunya ɗaya, awa 500 ke ba da shekarar bestin, har suna da tsarin da in shekarun haihuwarka da na aikinka suka haɗu suka kai 80 ka tafi ritaya. New York da Chicago da New England kowa da nasa. Abin da ya shafe ka shi ne na lokal ɗinku, wato reshen yuniyon na yankinku.

Inda maganar tasa take da ciwo da gaske shi ne fanshon nan da kake ji ana kuranta wa, na wanda ya yi shekara 25 ko 30 ya tafi ko shekarunsa nawa. Ka yi lissafi, in ka hau mota kana 40 kuma kana son tafiya gida a 60, shekara 20 za ka tara a babban rumbun. Tambayar da za ka kai ofishin fansho a rubuce ita ce, shin shekarun fat-taim ɗina ana haɗa su da na ful-taim wajen cika sharaɗin shekarun ritaya, in ana haɗawa ta yaya ake raba kuɗin. Wannan amsar ita za ta gaya maka ko 60 ɗin da ka sa a ranka za ta yiwu ko kuwa sai ka ƙara biyu ko uku. Kuma ita ce dalilin da ya sa nake cewa ran da aka kira sunanka kar ka tsaya wani lissafin wai bari in cika awa 750 na bana tukuna. Shekarar canjin za ta rabu biyu, ƙila ka samu wata shida a can wata shida ko bakwai a nan, ba komai. Wata uku na ƙaramin fansho dala 15 ne a wata, ba a barin gurbin direba ya wuce saboda dala 15, wanda ke bayanka a layi ya shiga gabanka kenan har ku yi ritaya.

Sai maganar ɗan garinku. Ban ce yana yaudararka ba, alheri yake nufi, kuma aikinsa halal ne yana ci da iyalinsa. Amma ka gane wa zai zama mai gidanka. Motar da rigar suna ɗauke da sunan Amazon, albashin kuma ƙaramin ɗan kwangila ne ke biya, haka ma yawancin masu jan motocin FedEx Ground. A 2024 Amazon ta ce matsakaicin kuɗin awa na irin waɗannan direbobi ya kai kusan dala 22. Wasunsu suna ba da asusun ajiyar ritaya na 401(k) wanda kai kake zubawa, amma fansho irin na alƙawari har mutuwa ba za ka same shi a can ba, kuma in kwangilar mai gidan ta ƙare aikinka ya ƙare tare da ita. Ka kuma tambaye shi nawa ake yanka masa duk sati na inshorar lafiyar iyali, sannan ka duba takardar albashinka ka ga kai nawa ake yanka maka. Mai yara uku a ƙasar nan, wannan inshorar da kake samu da aikin awa huɗu ta fi kuɗin awa ɗin kansa daraja, mutane da yawa saboda ita kaɗai suke tashi ƙarfe uku na dare.

Kwatanta da abin da ke gabanka. Kwantiragin da aka amince da shi a Agustan 2023, wanda ya shafi ma'aikata wajen 340,000 kuma zai kai ƙarshen Yulin 2028, ya sa sabon direba yana farawa da dala 23, bayan shekara 24, bayan biyu 25, bayan uku 30.75, in ya cika huɗu ya hau kuɗin ƙoli wanda zuwa ƙarshen kwantiragin zai kai wajen dala 49. Ka lura da kyau, shekara ukun farko kusan kuɗin ɗan garinku ne, kusan ma abin da kake karɓa yanzu a lodi ne, bambancin awoyi ne da obatayim. Ina faɗa maka wannan ne don kar ka je ka yi wa mutanen gida albishir an zama direba a fara turo maka lissafin rufin kwano da kuɗin Hajji. Ka yi shiru da bakinka sai shekara ta huɗu, ni dai shawarata kenan.

Kuma Uber ɗin nan za ta tsaya. Ba don kamfani na kishi ba, dokar awoyin tuƙi ce. Direban irin wannan mota ba ya tuƙi bayan awa 14 da fara aikin ranar, akwai kuma iyakar awa 60 a kwana bakwai ko 70 a kwana takwas, kuma duk aikin da aka biya ka a wani wuri yana shiga lissafin. Saboda haka ka zauna da madam ku yi kasafin gida a kan albashi ɗaya tun yanzu. Kafin nan ma Uber ɗin ita ce babban haɗarin da ke tsakaninka da kujerar nan, don za a duba tarihin lasisinka, tikitin gudu ko ɗan karo a wannan tsakanin zai iya sa a tsallake sunanka. Mutumin da ya tashi ƙarfe uku ya yi lodi sannan ya yini a titi har la'asar, gyangyaɗi ɗaya ya ishe shi. Ka rage awoyin ko da kuɗin zai ragu.

Abin da ke jiranka in an kira ka, ba sai da lasisin manyan motoci ba, na hannunka ya isa. Akwai gwajin tuƙi, akwai gwajin lafiya na hukumar sufuri inda ake duba ido da hawan jini, in jininka ya haura 140 bisa 90 katin shekara ɗaya za a ba ka maimakon biyu, in ya yi sama sosai sai ka sauko da shi tukuna, don haka ka je ka auna tun yanzu kana da inshora, kar ka bari sai ranar. Sai makarantar horo ta kamar sati guda inda za ka haddace ƙa'idojin lura da hanya kalma da kalma, wannan kam wanda ya yi allo ba ya jin tsoronta, mutanenmu sun fi faɗuwa a wajen sauri. Bayan nan kwana 30 na aiki ana gwada ka a kan hanya da kaya na gaske. A kwanakin nan ba a makara, ba a gogar ko akwatin wasiƙa, ba a gardama da sufabaiza. In ba ka tsallake ba ba korarka za a yi ba, lodi za ka koma ka jira a sake ba ka dama, wannan ma wata fa'ida ce ta shiga daga ciki.

In ka tsallake kuma kai ne ƙaramin kowa. Siniyoritinka na ful-taim, wato matsayinka a jerin daɗewa a aiki, sabo ne, ba ka da hanyarka ta kanka, yau unguwar nan gobe ƙauyen can kana cike gurbin wanda ya tafi hutu, kuma in kaya sun ragu bayan cunkoson Kirsimeti kai za a fara cewa ka zauna gida ko ka koma cikin defo. Ba zan ɓoye maka ba lokacin ma ba na faɗaɗa bane, a Janairun 2025 kamfanin ya sanar zai rage kayan Amazon da yake ɗauka da fiye da rabi, a Afrilu ya ce zai rage ma'aikata wajen 20,000 ya rufe gine-gine 73, daga baya har ya yi wa direbobi tayin kuɗi su ajiye aiki da kansu. Layin zai iya yin jinkiri fiye da yadda kake so. Amma ka lura jinkirin nan ba ya cin ka ta fuskar bestin, kana jira kana cikawa. In an ba ka tuƙin wucin gadi a tsakani ka karɓa don ka saba da motar, sai dai ka tambayi wakilin yuniyon awoyin a wane lissafi suke shiga. Af, kuma jiharku tana cikin jihohin da ba dole bane shiga yuniyon, na san wasu 'yan uwa suna ƙin shiga don kuɗin wata. Ni a ganina wannan rowa ce mai tsada, wanda bai shiga ba ba ya jefa ƙuri'a a kan kwantiragin 2028, kuma a can za a yanke nawa shekarunka na gaba za su zama.

Ba ka tambayi sallah ba amma na san za ta zo. Gemu dai an daina hanawa tun 2020. Juma'a kuwa dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai aiki ya yi maka sauƙi a addininka in ba zai jawo masa babbar wahala ba, kuma a 2023 kotun ƙoli a shari'ar Groff, wani ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aikin Lahadi, ta ƙara tsaurara abin da mai aiki zai nuna kafin ya ce a'a. Ka nema a rubuce, cikin ladabi, mafi sauƙi shi ne ka roƙi a bar ka ka sa hutun cin abincinka a lokacin Juma'a. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin sanyi, Allah ya taimake ka, don bayan motar nan a watan Yuli a Carolina ba wasa bane, na'urar sanyaya da kwantiragin 2023 ya yi alƙawari ma ta motocin da aka saya daga 2024 ce.

Yanzu komawa gida, wanda shi ne ainihin abin da ke ranka. Bayan cek biyun nan akwai na uku, na gwamnati, Social Security. Shi ma kiredit ne amma na kuɗi ba na awa ba, a 2025 duk dala 1,810 da ka samu ka biya haraji a kai kiredit ɗaya, huɗu ne iyaka a shekara, ana son 40, wato shekara goma. Kai da ka zo 2019 in komai ya tafi daidai sai wajen 2029. Ana lissafa kuɗin ne da shekarunka 35 mafi tsoka, in ba ka cika 35 ba a cike sauran da sifiri, kai in ka tsaya a 60 za ka samu sifiri bakwai ko takwas, shi ya sa albashin direba na shekarun ƙarshe yake da nauyi sosai a wajenka. Nan kuma zan ɗan taɓa 'yan Uber, masu zabtare abin da suka samu a takardar haraji har ya koma kamar ba su yi aiki ba don gudun harajin kashi 15.3 ɗin nan da mai aikin kansa ke biya, suna murna an dawo musu da kuɗi a watan Maris, ba su san fanshonsu suke yankewa ba. Kuma ba a fara biya sai 62, a nan ma da ragin kashi 30 ga duk wanda aka haifa daga 1960, cikakken sai 67. In ka sauka Maradi kana 60 akwai shekaru a tsakani da aljihunka ne zai riƙe ka, don haka asusun 401(k) na 'yan Teamsters da kuke da shi, ko da kamfani ba ya ƙara maka komai a kai, ka fara jefa wani abu ran da ka hau kuɗin ƙoli.

Sannan ka nemi fasfon nan ƙanena, ka wuce shekara biyar da girin kad, me kake jira. Ɗan ƙasa ana tura masa kuɗinsa kusan ko'ina yake a duniya. Wanda ba ɗan ƙasa ba ƙa'idar ita ce in ya yi wata shida a jere a waje a tsayar da biya, sai in ƙasar da yake riƙe da fasfonta tana cikin waɗanda aka keɓe, hukumar Social Security tana da shafi a intanet da za ka sa ƙasarka ya nuna maka matsayinka. Ko an ci gaba da biyan ma, wanda girin kad ɗinsa ya mutu saboda zama a waje ana cire masa kashi 25.5 na haraji tun daga tushe. Nijar ta yarda da riƙe ƙasa biyu tun 2014, ba abin da za ka rasa a gida. Madam ma ta nema. Kuma ka tabbata takardar aurenku tana cikin fayil ɗinka a ofishin fansho da sunanta yadda yake a katinta harafi da harafi, don ranar da za ka yi ritaya doka ta ce tsarin da za a sa ka kai tsaye shi ne wanda in ka riga ta tafiya za ta ci gaba da karɓar aƙalla rabi, ba ka isa ka canza shi ba sai ta sa hannu a gaban shaida. In ranar ta zo aka nuna maka cek ɗin da ya fi girma na kai kaɗai, kar ka matsa mata ta sa hannun nan.

A satin nan ga abin da nake so ka yi. Ka samu wakilin yuniyon na shif ɗinku ya ba ka littafin kwantiragi da ƙarin yarjejeniyar yankinku, ya kuma nuna maka lambarka a layin direbobi da yadda layin ya motsa bara. Sannan ka rubuta wasiƙa zuwa ga mai kula da tsarin fansho, ba sufabaiza ba, shi ba aikinsa bane, ka nemi littafin bayanin tsarin da suke kira SPD na fat-taim da na ful-taim duka biyun, da bayanin awoyinka shekara bayan shekara, da shekarun bestin nawa aka rubuta maka zuwa yau, da tambayar nan ta haɗa shekaru. Doka ta ba su kwana 30 su aiko maka da takardun tsarin in ka nema a rubuce, in an yi shiru akwai ofishin EBSA a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke bin irin wannan kyauta. In amsar ta zo ka gwada ta da takardun albashinka, musamman na 2023, don kwanakin hutu da aka biya ka suna shiga cikin awoyi kuma 640 ɗin da ka gani ƙila ba ta haɗa da su ba. Shi kuma ɗan garinku ka yi masa godiya, ka ce masa akwai takardar da kake jira. Ka gaida madam da yara.